Yadda ake binciko tarihin unguwa a birnin Kano, a kuma rubuta shi

Tarihin sarakunan Kano a rubuce yake. Duk wanda ya nema zai sami jerinsu tun daga Bagauda, da wanda ya ƙara faɗin ganuwa, da wanda ya fita yaƙi, da shekarun da kowa ya yi a kan gado. Abin da ba a rubuta ba shi ne tarihin lungun da ka tashi a cikinsa: wa ya fara kafa gida a wurin, wace sana'a ce ta tara mutanensa, daga wane kududdufi aka haƙo ƙasar da aka gina zaurenku, wane malami ne ya buɗe makarantar allon da ke bayan masallaci. Wannan duk yana cikin kawunan tsofaffi, su kuwa kullum raguwa suke yi. Gidajen ƙasar ma rushe su ake yi ana ɗora bulo, kududdufai an cike su an yi shaguna, badala kuwa kowa yana ganin abin da ya rage mata. Saboda haka wanda ke da niyyar wannan aiki kada ya jira sai ya shiga jami'a ko ya sami mai ɗaukar nauyi. Littafin rubutu, biro, wayar da ke ɗaukar murya, da ladabi, sun isa a fara.

Da farko ka yi wa kanka iyaka

Kada ka ce za ka rubuta tarihin Kano. Ka ɗauki unguwa ɗaya, ko ma abin da bai kai unguwa ba: gida ɗaya na malamai, masallaci ɗaya, layin maƙera, marina, zuriyar wani falke. Ka rubuta tambayarka a shafin farko na littafinka cikin layi ɗaya, misali: su wa suka kafa unguwar nan, daga ina suka zo, me ya canja ta daga zuwan jirgin ƙasa zuwa yau? Duk ranar da hira ta ja ka zuwa wani wuri, wannan layin ne zai dawo da kai.

Daga nan ka karanta abin da aka riga aka rubuta, tun kafin ka zauna gaban kowane dattijo. Tushen yawancin abin da ake faɗa a kan sarakuna shi ne littafin nan na Larabci na tarihin sarakunan Kano, wanda Baturen mulki Palmer ya fassara zuwa Ingilishi aka buga a 1908. Ka san abu biyu game da shi. Na ɗaya, labarinsa ya tsaya ne a zamanin Sarki Muhammadu Bello, ƙarshen ƙarni na 19. Na biyu, tsawon sarautar kowane sarki ya bayar, shekarun miladiyya irin su 999 na Bagauda da 1463 zuwa 1499 na Muhammadu Rumfa lissafi ne aka yi daga baya, ana ƙirgawa da baya-baya. A cikinsa za ka ga zuwan Wangarawa zamanin Sarki Yaji, da kafa Kasuwar Kurmi da Gidan Rumfa. Ka karanta Kano ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji, domin dattawa da yawa da suka yi boko sun karanta shi, kuma za ka so ka gane lokacin da mutum yake ba ka abin da ya ji daga kakansa da lokacin da yake maimaita maka littafi. In unguwarku tsohuwa ce, ka nemi bayanin Barth, matafiyin nan Bajamushe da aka sani da Abdulkarim, wanda ya zo Kano a 1851, ya zana taswirar birnin ya kuma kawo sunayen unguwanni masu yawa. In ka ga sunan unguwarku a wurinsa, ka sami shaida cewa tana nan da sunanta tun zamanin Sarki Usman ɗan Dabo.

Ka taka unguwar da ƙafarka

Ko a nan aka yanke maka cibiya, ka sake zagaya ta da biro a hannu, da sassafe kafin a cika lunguna. Ka zana taswira da hannunka, ba sai ta yi kyau ba. Ka sa masallatai, makarantun allo, rijiyoyi har da waɗanda aka rufe, tsofaffin bishiyoyi, maƙabarta, gidan mai unguwa, dandalin da 'yan mata suke gaɗa a dā, wurin da mahauta ke yanka, da inda kududdufi yake ko da yanzu bene ne a kansa. Ka ɗauki hoton duk ginin ƙasar da ya rage: ƙofar zaure, azarar rufi, zanko, zanen bango, dakalin ƙofar gida. Mai gida zai iya rushe shi kafin damina ta gaba.

Sunan wuri yakan ba da haske. Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Dukawa, Takalmawa, Soron Ɗinki, kowanne yana nuna ko dai asalin mutane ko sana'arsu. Amma suna mafarin tambaya ne kawai. Wanda bai bincika ba zai ɗauka Dandalin Turawa na Turawan mulki ne, alhali kuwa unguwar Larabawan Arewacin Afirka ce, 'yan kasuwar da suka zauna a birni tun kafin zuwan Nasara. Ayagi kuma, wanda bai tambaya ba ba zai san alaƙarta da Yarabawa ba. Ka rubuta duk bayanin da aka ba ka a kan suna, ko da sun kai uku suna karo da juna, da sunan wanda ya faɗi kowanne.

Ka shiga ta ƙofa

Kafin ka yi hira da kowa, ka je ka gai da mai unguwa, ka gaya masa abin da kake so ka yi da kuma inda rubutun zai ƙare. Ka gai da liman. In aikin zai taɓa sarauta ko iyakar unguwanni, mai unguwa zai gaya maka wanda ya kamata a sanar a sama da shi. Wannan gaisuwar tana ɗauke maka zargi, don mutumin da aka gani yana zagaye lungu yana zane yana ɗaukar hoton gidaje, za a ɗauka ko ɗan haraji ne ko dillalin filaye.

Sannan ka nemi ɗan jagora, mutumin da dattawan ke jin nauyinsa. Shi zai yi maka sallama, ya ce, "Baba, ɗan gidan wane ne, yana neman sanin labarin mutanen dā." Wannan jimlar kaɗai tana buɗe abin da takardar jami'a ba za ta buɗe ba.

Zaman hira

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan aka fi yin ɓarna. Ka zaɓi lokacin da tsoho yake da ƙarfi, da hantsi ko bayan la'asar. Kada ka je dab da sallar Juma'a, ko da rana tsaka cikin azumi, ko ranar da ake zaman makoki a lungun. Ka tuɓe takalmi, ka zauna ƙasa da shi, ka yi gaisuwa cikakkiya, a tambayi gida da jiki da iyali. Ka riƙe ɗan abin gaisuwa, goro ko turare ko sabulu, gwargwadon ƙarfinka. Kada ka yi cinikin kuɗi kafin magana, don wanda aka saya wa baki yakan ƙara gishiri ya ga ya biya ka.

Ka nemi izini a fili kafin ka kunna waya: "Allah ya gafarta Malam, in an yarda zan ɗauki muryar, don kada in yi maka ƙari ko ragi." In ya ƙi, ka mayar da wayar aljihu ka yi da biro, kada ka kuskura ka ɗauka a ɓoye. In ya yarda, ka kashe layin kira don kada wani ya katse ɗaukar, ka aje wayar kusa da bakinsa nesa da fanka da janareta, ka fara da faɗin kwanan wata da wurin da kuke da sunan mai magana.

Tambayar da ba a yi ita ce, "Baba, a ba ni tarihin unguwar nan." In ka yi ta, za a ɗauko maka Barbushe da Tsumburbura da Dutsen Dala, a bi da kai har Rumfa, ka tashi ba ka sami komai na unguwar ba. Ka fara da abin da idonsa ya gani. A wane ɗaki aka haife ka? Wa ya yi maka kaciya, ku nawa ne a ɗakin? A ina kuke ɗebo ruwa kafin a kawo famfo? Wa ke zaune a gidan da ke kallon naku, ina zuriyarsa suka koma? Me mahaifinka yake sayarwa, a wace rumfa a Kurmi, wa yake ba shi kaya? Da kuka yi tashe, har wace unguwa kuke kaiwa, da su wa kuke faɗa? Irin waɗannan tambayoyin ba a haddace amsarsu, dole mutum ya koma ya duba cikin ransa. Daga abin da ya gani sai ka taka zuwa abin da ya ji daga mahaifinsa, daga nan zuwa abin da mahaifin ya ji daga kaka. A littafinka ka riƙa sa alama ta daban ga kowanne: gani, ji daga wanda ya gani, ji daga wanda ya ji.

In ya yi shiru, kai ma ka yi shiru. Yawancin matasa ba sa iya jure wannan, sai su cike wurin da wata tambayar, alhali tsohon yana laluben suna ne, kuma abin da zai biyo bayan shirun ya fi abin da ya gabace shi daraja. Kada ka gyara masa magana ko da ka san ya haɗa sarakuna biyu ya mai da su ɗaya. Ka rubuta yadda ya faɗa, gyara na gida ne. Kada kuma ka sa masa amsa a baki, kamar ka ce, "Ai daga Borno kuka zo ko?" Kunya da kara za su sa ya ce e. Ka ce, "Daga ina aka ce kakanninku suka taso?" sannan ka bi da tambayar da ta fi kowace muhimmanci a wannan aikin: "Daga bakin wa aka ji wannan?"

Kada zama ya wuce awa guda. Gara ka dawo sau da yawa, domin bayan tafiyarka zai kwana yana tunani, ya tashi da sunayen da suka ɓace masa. Ka yi ƙoƙari kuma ka sami kowane dattijo shi kaɗai ko da sau ɗaya ne. A majalisa, wanda ya fi shekaru ko arziki shi ke magana, sauran suna gyaɗa kai ko da sun san ba haka aka yi ba.

A ranar, kafin ka kwanta, ka kwafe muryar zuwa wani wuri na biyu, kwamfuta ko katin ajiya, ka sa mata suna da kwanan wata. Wayoyi suna faɗawa ruwa, ana kuma sace su. Sannan ka zauna ka juye hirar a takarda kalma bayan kalma, da karin harshensa, da kirarin da ya yi, da waƙar da ya rera. Aiki ne mai cin rai, hirar awa ɗaya takan cinye yini, amma a nan ne za ka ji abin da kunnenka ya tsallake a zaure.

Cikin gida

Wanda ya tsaya a zaure ya sami rabin labari. Tsofaffin mata su ne suka san wa ya auri wa, wace ce aka kawo daga wane gari, wane yaro ne aka ba wa riƙo har aka manta ba ɗan gidan ba ne, wane gida ne suka sha nono da wane gida. Maza sukan lissafo kakanni ta wajen uba su tsaya, mata kuwa suna riƙe da igiyar da ta ɗaure gidajen unguwa da juna. A bakinsu ne kuma waƙoƙin daka da na niƙa da na reno suka rage, kuma cikin waƙoƙin akwai sunayen attajirai da yunwa da annoba. Su suka san tattalin arzikin da ba ya fita kasuwa: kaɗi, saƙar zare, ƙuli-ƙuli, adashi, 'yan talla.

In kai namiji ne, ka fara da kakanninka da gwaggonninka, sauran gidaje kuma ka haɗa kai da 'yar'uwarka ko matarka, ka koya mata tsarin tambayar ta shiga. Ke kuma da kike karanta wannan, ki sani kina da damar da maza ba su da ita: za ki zauna a tsakar gida, ki ce, "Inna, wannan tasar ta jere ta wace ce?" a buɗe miki labarin aure uku daga kwano ɗaya.

Yadda ake samo shekara

Tsohon Bakano ba zai ce maka an haife shi a 1938 ba. Zai ce yana da wayo lokacin kaza, ko an yi masa aure shekarar kaza. Aikinka shi ne ka tanadi turaku, wato abubuwan da aka tabbatar da shekarunsu, ka ɗaure kowane labari a jikin wanda ya fi kusa da shi. Ka rubuta su a bangon littafinka na ciki. Sarautar Ibrahim Dabo daga 1819 zuwa 1846. Basasar Tukurawa da Yusufawa daga 1893 zuwa 1895. Shigar Turawa Kano a watan Fabrairun 1903, zamanin Sarki Alu. Abbas daga 1903 zuwa 1919, Usman zuwa 1926, Abdullahi Bayero zuwa 1953, murabus ɗin Sarki Sanusi da 'yan watannin Sarki Inuwa da hawan Ado Bayero duk a 1963. Isowar layin dogo a 1911. Kafa NEPU a watan Agustan 1950. Zuwan Sarauniyar Ingila a 1956. Ƙirƙiro Jihar Kano da zuwan Audu Bako a 1967. Canjin hannun tuƙi a 1972, canjin kuɗi daga fam da sule zuwa naira da kwabo a farkon 1973, kisan Murtala a Fabrairun 1976, rikicin Maitatsine a Disambar 1980.

Ga yadda ake aiki da su. A ce wata tsohuwa ta gaya maka an cike rijiyar ƙofar gidansu tana goyon ɗanta na biyu. Sai ka ce, "Hajiya, lokacin da sule ake cefane ko da kwabo?" Ta ce da sule. Ka ce, "Sarki Ado ya hau?" Ta ce ya hau, har ta je kallon hawan sallarsa da cikin yaron. Ka ga ke nan an cike rijiyar tsakanin 1963 da 1972. In ka ƙara tambaya ko an yi yaƙin Biyafara a lokacin, za ka ƙara matse tazarar. A rubutunka ka ce "tsakanin kaza da kaza", kada ka zaɓi shekara ɗaya don ta fi kyan gani.

Salsala ma ana auna ta. Tsakanin uba da ɗa akan ƙiyasta shekara 25 zuwa 30. In mutum ya ce kakansu na farko ya zo tare da Shehu Magili zamanin Rumfa, amma da ya lissafo kakanni sai suka tsaya a biyar, to biyar sau 30 shekara 150 ke nan, wanda bai wuce ƙarshen ƙarni na 19 ba, Rumfa kuwa ya rasu fiye da shekara 500 da suka wuce. Wannan ba ya nufin ƙarya yake yi. Sau da yawa sunayen tsakiya ne suka zube, aka riƙe na farko da na kusa. Amma kai dole ka nuna wa mai karatu cewa akwai giɓi.

In ka ci karo da shekarar hijira a takarda, ka ninka ta da 0.97 ka ƙara 622, za ka sami ta miladiyya, da kuskuren da bai wuce shekara ɗaya ba. Misali 1320 za ta ba ka 1902, kuma lallai shekarar ta fara a 1902 ta ƙare a 1903, a cikinta Turawa suka shigo.

Takardun da ke cikin adaka da gafaka

Bayan an saba da kai, ka tambaya a hankali ko akwai tsofaffin takardu. Za a ce babu. Ka ambaci irinsu ɗaya bayan ɗaya: rasit ɗin haraji, takardar sayen gida, takardar rabon gado daga alƙali, fasfon aikin hajji, wasiƙun fatake, hoton aure, katin jam'iyya. Sai ka ga an shiga ɗaki an fito da leda.

A gidajen malamai, irin na Madabo da sauran tsofaffin unguwannin ilimi, akwai littattafan hannu cikin gafaka, na Larabci da na ajami. In aka yarda aka buɗe maka, ka wanke hannu ka bar shi ya bushe, ka shimfiɗa kyalle mai tsabta. Warƙoƙin ba a ɗinke suke ba, saboda haka kada ka sauya musu jeri. Ka ɗaga ɗaya, ka ɗauki hotonsa gaba da baya, ka kife shi a gefe, ka ɗauki na biye. A ƙasan shafi za ka ga kalma ɗaya ita kaɗai a kusurwa, ita ce kalmar farko ta shafi na gaba, da ita ake gane jeri in ya rikice. Ka duba shafin ƙarshe da kyau, nan mai kwafa yakan sa sunansa da na mahaifinsa, wani lokaci da na malaminsa da ranar da ya gama. Ka duba gefen shafuka da bayan bango, domin nan malamai sukan rubuta ranar haihuwar ɗa, ko rasuwar wani babba, ko bashin da ake bin wani. Ka ɗaga warƙa ɗaya ta fuskanci haske: in ka ga alamar jinjirin wata uku a cikin jikin takardar, irin takardar Italiya ce da fatake suka riƙa kawowa ta hamada, ta yi yawa a ƙarni na 19. Kada ka nemi a ba ka aro ka tafi da shi gida, ko da an yi maka tayi. In ba ka iya karatun ba, ka kai hoton wurin wanda ya iya, ka kuma rubuta sunansa a cikin waɗanda suka taimaka.

Gidajen adana tarihi

Sai ka tara tambayoyi sannan za ka je waɗannan wurare, in ba haka ba za ka nutse cikin takardu. A cikin gari akwai Gidan Makama, da Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa inda Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha take, da Gidan Mambayya a Gwammaja ga mai bin tarihin Malam Aminu Kano da siyasar NEPU. A Jami'ar Bayero ka nemi kundayen da ɗaliban sashen tarihi suka rubuta, wataƙila wani ya taɓa yin aiki a kan unguwarku shekaru da suka wuce, ya yi hira da mutanen da yanzu ba sa raye. Jerin sunayen waɗanda ya yi hira da su kaɗai ya isa ya biya wahalar zuwanka.

A Kaduna akwai Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa, inda fayilolin Lardin Kano na zamanin Turawa suke, da kuma Gidan Arewa. Ka tafi da takardar gabatarwa da katin shaida. Duk fayil ɗin da ka buɗe, ka fara rubuta lambarsa da shekararsa kafin ka karanta layi ɗaya. Ka kuma tuna wanda ya rubuta shi da abin da ya dame shi. Jami'in mulkin mallaka haraji da ƙidaya da tsafta da zaman lafiyar mulkinsa ne a gabansa, kuma ta bakin tafinta yake ji. Mutane kuwa suna ɓoye 'ya'ya da dukiya in mai ƙidaya ya zo. Adadin da ke takardarsa shaida ce, amma ba ta fi ta tsohuwar da ka yi hira da ita tsarki ba don kawai an buga ta da tafireta. Tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara a 1939, su ma suna da amfani wajen tabbatar da ranar gobara ko naɗi ko buɗe makaranta.

Abin da ake aunawa kafin a rubuta

Yanzu ka baje abin da ka tara. Duk maganar da mutum biyu da ba gida ɗaya suka fito ba suka faɗa, kuma takarda ko gini ya goyi bayanta, ka rubuta ta da ƙarfin gwiwa. Wadda gida ɗaya ne kawai ke faɗa, ka ce "mutanen gidan suna cewa". Inda ruwaya biyu suka saɓa, ka kawo su duka, ka faɗi wadda ka fi karkata gare ta da dalilinka. Kusan kowane babban gida yana son a ce daga Gabas ya zo, ko shi ya riga kowa zama. Ka rubuta wannan da mutunci, don yadda mutane ke kallon kansu shi ma tarihi ne, amma kada ka sa hannunka a kansa a matsayin abin da ka tabbatar.

Akwai abubuwan da za su zo maka masu nauyi. Za a gaya maka asalin wani gida bayi ne. Za a gaya maka an ƙwace gidan wane a lokacin Basasa an ba wa wane, ko sarautar mai unguwa ta bar wani ɗaki ta hanyar da har yau ba a huce ba. Bauta ta faru a Kano, bayin sarki ma sun riƙe manyan muƙamai irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama, kuma tarihin da ya share wannan bai cika ba. Amma jikokin mutanen suna raye, suna neman aure, suna sallah a sahu ɗaya da kai. Ra'ayina shi ne ka rubuta yadda abin ya gudana a unguwar ba tare da ka nuna gidan kowa da yatsa ba, sai in su da kansu suka ce a faɗa. Abin da aka ce maka "wannan tsakaninmu ne", ya tsaya tsakaninku. Kada kuma ka bari a mai da rubutunka makamin shari'ar gado ko rikicin fili. In ka lura wani yana matsa maka ka rubuta iyakar wani gida, ka ja da baya.

Rubutawa da mayarwa

Ka rubuta da Hausa, Hausar da mutanen da suka ba ka labarin za su gane in an karanta musu. Ka sa wa ƙ da ɗ da ɓ ƙugiyarsu, musamman a sunayen mutane da wurare, don wanda zai zo bayanka ya san yadda ake furta su. Ka fara da wurin kansa, iyakarsa da maƙwabtansa, sannan mutanen farko, sannan sana'a da ilimi, sannan abin da ya canja da abin da ya kawo canjin. Ka bar dattawa su yi magana da bakinsu a cikin rubutun, kada ka mai da zancensu Hausar rediyo. A ƙarƙashin kowace magana mai nauyi ka nuna inda ka samo ta: hira da wane, a wuri kaza, ranar kaza, ko fayil mai lamba kaza. Yabon unguwa da kirari suna da wurinsu, amma in suka yi yawa sai su danne abin da ka sha wahalar tonowa.

Kafin ka kai wa mai buga littafi ko ka sa a intanet, ka koma ka karanta wa waɗanda suka ba ka labarin, kowa ɓangaren da ya shafe shi. Za su gyara maka sunaye, za su tuna wani abin, wani kuma zai ce a cire wata magana. Ka saurara, ka bambance gyaran kuskure da son a ƙawata gida. Ka tambayi kowa ko ya yarda a sa sunansa.

In an buga, ko da 'yan kwafi ne aka yi a shagon kwamfuta aka ɗinke, ka kai wa mai unguwa ɗaya, liman ɗaya, makarantar unguwa ɗaya, ka kuma kai ɗakin karatu na jami'a da hukumar tarihi. Kowane gida da ka yi hira a cikinsa ka tura musu muryar tsohonsu su ajiye. Ka sa lambar wayarka a shafin ƙarshe, ka ware sabon littafin rubutu na gyare-gyare, domin da zarar rubutun ya shiga hannun mutane, waɗanda suka ce maka ba su san komai ba za su fara aiko maka cewa akwai wata takarda a wurin yayarsu da ke aure a Fagge, ka zo ka gani.